MYK da MYL: Haruffan da Suka Kai Jirgi Kan Dutse

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Jami'ar Manchester, a kan titin Oxford Road, ya aiko da tambaya: me ya sa takardun saukar jirage ke ɗauke da sunaye irin su "ILS Z 23R", kuma wa ya ƙirƙiro wannan tsari mai kama da hatimin malamai? Wani ɓangare na amsar bai yi nisa da shi ba. In gari ya washe, ya dubi arewa maso yamma daga bene mai tsawo, zai hango dogon ƙarfen talabijin a kan tudun Winter Hill. Nan ne wani haɗarin jirgi ya faru, ranar 27 ga Fabrairun 1958.

Da safiyar ranar, jirgi ƙirar Bristol 170 na kamfanin Silver City ya tashi daga Tsibirin Man zuwa Manchester da mutum 42, galibinsu dillalan motoci da za su ziyarci masana'antar batir ta Exide. Gudun ɓata lokaci, aka yi wa matuƙin tayin ya bi ƙasa-ƙasa, ƙafa 1,500, ya amince. Tsayin Winter Hill kuwa ƙafa 1,496 ne. Da a ce sun bi hanyar da aka shata musu, da tudun na can gefe bai dame su ba.

A wancan zamani, in girgije ya rufe, matuƙi na bin tashoshin rediyo ne da aka kafa a ƙasa. Zai murɗa na'urarsa ya kamo tasha, allura ta nuna masa inda take, sannan ya saurari sunanta da take aikowa cikin ƙarar Mos. Tashar Wigan, wadda ya kamata su nufa, sunanta MYK. Ta Oldham, can gabas, sunanta MYL. Hassan da Hussaini ke nan: haruffa biyu na farko iri ɗaya, sai na ƙarshe ne ya bambanta, K doguwa-gajeriya-doguwa, L kuwa gajeriya-doguwa-gajeriya-gajeriya, ga kuma rugugin inji biyu a kunne. Mataimakin matuƙi ya kamo Oldham. Allura ta yi aikinta tsakani da Allah, ta ja su zuwa tudu. Mai kula da zirga-zirga a Manchester ya gano sun kauce, ya umarce su su karya dama nan take, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jirgin ya daki tudun kusa da tashar talabijin, cikin hazo da dusar ƙanƙara. Mutum 35 suka rasu.

Kwamitin bincike ya ɗora laifin kan mataimakin, ya kuma ce kyaftin ya yi sakaci da bai duba ba. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ni ban gamsu a tsaya nan ba. Hannun da ya murɗa na'urar an san shi. Wanda ya zauna a ofis ya raɗa wa tashoshi biyu maƙwabta kusan suna ɗaya, a yankin da ke da tuddai, shi ma da hannunsa a ciki.

Manchester ta sake shan irin wannan ɗaci ranar 25 ga Afrilun 1980, lokacin da jirgin Dan-Air da ya tashi daga can ya afka wa dutse a tsibirin Tenerife, mutum 146 suka halaka. Masu binciken Sifaniya suka ce kyaftin ne ya kai jirgin wurin duwatsu. Na Birtaniya suka ƙara nasu bayanin, cewa an ba shi umarni mai harshen damo, aka ce ya yi zagayen jira da ba ya cikin takardarsa. A nan ma na fi karkata ga waɗanda suka duba abin da aka miƙa wa matuƙin kafin su yanke masa hukunci.

Zuwan kwamfuta bai kashe ciwon ba. A Disamban 1995, matuƙan wani jirgin Amurka da ke gangarawa kwarin Cali a Kolombiya suka danna harafin R da nufin tashar Rozo, kwamfuta ta zaɓo musu Romeo ta wajen Bogota, jirgi ya juya ya nufi dutse. Mutum 159 suka tafi.

Mu koma ga tambayar ɗalibinmu: tsarin da Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ke bi a yau gajere ne. Sunan hanyar sauka kan fara da na'urar da za ta jagoranci matakin ƙarshe, ILS ko VOR ko RNP mai dogaro da tauraron ɗan Adam. Lambar tana nuna fuskar da titin ya kalla: 23 na nufin kimanin digiri 230, R kuma titin dama. Saboda arewar maganaɗisu tana gusawa, a 2007 Manchester ta mayar da titunanta daga 06/24 zuwa 05/23. In hanyoyi biyu masu na'ura iri ɗaya suka nufi titi guda, sai a raba su da harafi daga ƙarshen abacada, Z sannan Y. Harafi daga farkon abacada kuwa, kamar VOR A babu lambar titi, yana gaya wa matuƙi cewa hanyar ba za ta miƙe da shi kan titi ba, sai ya ga filin da idonsa ya kewayo ya sauka. Irin wannan ya fi yawa a filayen da duwatsu suka yi wa ƙawanya, inda gangarar ta yi tsanani ko kwarin ya ƙi daidaita da titi.