Rarrabe Takwarori: Daga Malaman Hadisi Zuwa Na'ura

Tun zamanin da malaman hadisi suka ɗauki nauyin tace isnadi, suna bin ruwaya daga baki zuwa baki har su kai ta ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sun lura da wani rami da ke kan hanyarsu wanda ko mai gaskiya yakan faɗa cikinsa, watau haɗuwar mutum biyu ko fiye a kan suna guda. Domin kuwa idan aka ce wane ya ruwaito, alhali masu sunan biyu ne, ɗaya amintacce ɗaya mai rauni, to hukuncin hadisin ya rataya ne a kan sanin wanda ake nufi.

Saboda haka suka keɓe wa mas'alar fanni nata, suka kira shi al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ, ma'ana waɗanda sunansu ya dace amma zatinsu ya bambanta, kuma Haɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya wallafa littafi mai wannan suna. Bayansa Ibn Salah, wanda ya rasu a 643, ya lissafa masu suna Halil ibn Ahmad har mutum shida, na farkonsu shi ne malamin Sibawaihi, wanda ya aza harsashin ilmin aruli. Amma misalin da ya fi bayyana basirarsu shi ne na Hammadu biyu na Basra, Ibn Salama da ya rasu a 167 da Ibn Zaid da ya rasu a 179, waɗanda suka yi tarayya cikin malamai da almajirai masu yawa. Sai malamai suka kafa ƙa'ida cewa idan Sulaiman ibn Harb ya ce Hammad ya ba mu labari, bai ƙara kome ba, to Ibn Zaid yake nufi, idan kuwa Musa ibn Isma'il at-Tabuzaki ne ya faɗa, to Ibn Salama ne. Ta haka ƙarina ta zama alƙali: a dubi wanda ke gaban sunan da wanda ke bayansa.

Bayan ƙarnoni, sa'ad da rubutu ya yi ambaliya a intanet, sai wannan mushkila ta taso wa masu kwamfuta. A watan Mayu na 2012 kamfanin Google ya buɗe taskarsa ta Knowledge Graph, wadda ke sarƙa mutane da garuruwa da abubuwa gwargwadon dangantakarsu, ya buga misali da Taj Mahal, wanda kan iya zama hubbaren nan na Indiya ko wani mawaƙi na Amurka. A watan Oktoba na shekarar aka kafa Wikidata, inda kowane abu yake da lamba tasa mai farawa da harafin Q, wadda ba ya tarayya da kowa a cikinta.

Sauran aiki shi ne haɗa sunan da ya zo cikin jarida ko littafi da lambar da ta dace da shi, kuma nan ne na'urori masu koyon harshe, irin BERT da ya fito a 2018, suka shigo. Da farko akan zaƙulo duk masu amsa sunan daga taska, sa'an nan na'ura ta karanta jimlar baki ɗayanta, ta auna ta da tarihin kowannensu, ta zaɓi wanda ya fi kusa. Idan ta ga Muhammadu Bello tare da Wurno da Infaƙul Maisuri, ta san Sarkin Musulmi ne, ɗan Shehu, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Idan kuwa ta gan shi tare da Tukur da yaƙin basasa, to Sarkin Kano ne, ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya rasu a 1893.

Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne lokacin da ƙarina ta ɓace. Malamin hadisi yakan yi tawaƙƙufi, ya ce Allahu a'alamu, ya dakata har hujja ta zo, ita kuwa na'ura takan karkata ga wanda ya fi shahara cikin rubutun da ta koya, ta yadda a harshen da littattafansa ba su yawaita a intanet ba, kamar namu, za ta iya ɗaukar aikin Bello na Kano ta jingina shi ga Bello na Sakkwato.