Gary Lewin, tsohon likitan gashin ƙashi na Arsenal da Ingila

An haifi Gary Lewin a gabashin birnin Landan a shekarar 1964. Da niyyar zama mai tsaron gida ya shiga ƙungiyar matasan Arsenal yana ɗan shekara 16, amma kulob ɗin ya sallame shi tun bai kai ga babbar ƙungiya ba. Sai ya koma karatu a makarantar koyon gashin ƙashi ta asibitin Guy's da ke Landan daga 1983 zuwa 1986. A shekarar da ya kammala, Arsenal, wadda George Graham ke horarwa a lokacin, ta damƙa masa kula da raunukan manyan 'yan wasanta. Shekararsa 22, wasu daga cikin waɗanda yake dubawa ma sun girme shi.

Ya shigo sana'ar tana tsakiyar sauyawa. Kafin zamaninsa, a kulob da yawa na Ingila tsohon ɗan wasa ne ke rugawa fili da soso da bokitin ruwan sanyi, ya shafa wa wanda ya faɗi, ya ce masa ya tashi. Lewin na cikin waɗanda suka zo da ilimin asibiti: sanin bambancin targaɗe da tsagewar ƙashi, da sanin ranar da tsokar da ta yage za ta iya ɗaukar gudu. Zuwan Arsène Wenger a matsayin kocin Arsenal a 1996 ya ƙara wa wannan ɓangare daraja, domin ya sa ido sosai kan abinci da miƙa jiki da hutu. A shekarar ce kuma Lewin ya fara aiki da ƙungiyar ƙasar Ingila a ƙarƙashin Glenn Hoddle. Duk zaman da Nwankwo Kanu ya yi a Arsenal, daga 1999 zuwa 2004, shi ne ke kula da jikin 'yan wasan.

Ranaku biyu ne suka fi fito da sunansa. A wasan ƙarshe na Kofin Lig na 2007 a Cardiff, ƙafar Abou Diaby na Arsenal ta sami John Terry a fuska, ya faɗi sumamme, harshensa ya koma baya ya toshe masa numfashi. Terry shi ne kyaftin ɗin Chelsea a lokacin, abokan karawar Arsenal a ranar, amma Lewin ne ya fi kusa, shi ya fara isa gare shi.

Ta biyun ta fi muni. Ranar 23 ga Fabrairu 2008, minti uku da fara wasa a filin Birmingham City, ɗan wasan Birmingham Martin Taylor ya taka ƙafar hagu ta ɗan wasan Arsenal Eduardo da Silva. Siririn ƙashin ƙwauri ya karye, idon sawu ya goce har ya fasa fata. Irin wannan rauni haɗarinsa ya wuce na karaya kawai: jini na iya daina isa tafin ƙafa, datti na iya shiga ƙashi, kuma motsi ɗaya na kuskure zai iya lalata jijiya. Eduardo bai iya Turanci sosai ba, ga zafin ciwo, sai da abokin wasansa Gilberto Silva ya tsaya yana tafinta da harshen Fotugis. Mintuna da dama Lewin da abokan aikinsa suka ɗauka suna tallafe ƙafar da ɗaure ta kafin a fitar da shi zuwa asibiti. Mutane da yawa na ganin natsuwar waɗannan mintuna ce ta ceci ƙafar, kuma yabon ya dace. Sai dai abin da ya mayar da Eduardo fili shi ne watannin da babu mai kallo: koyon taka ƙasa, motsa jiki cikin ruwa, dawo da ƙarfin tsokar da ta rame, da lallashin mutumin da ke tsoron sake sa ƙafa a gaban takalmin wani. Eduardo ya dawo ranar 16 ga Fabrairu 2009, ya ci Cardiff City ƙwallo biyu a Kofin FA.

A lokacin Lewin ya riga ya bar Arsenal. A 2008, bayan shekara 22, ya koma ƙungiyar Ingila gaba ɗaya, ɗan uwansa Colin Lewin ya gaje shi, kuma a hannun Colin da sauran ma'aikata aka ƙarasa jinyar Eduardo.

Gary Lewin ya je Kofin Duniya sau biyar, daga 1998 zuwa 2014. A na ƙarshen, ranar 14 ga Yuni 2014 a Manaus ta ƙasar Brazil, ya yi tsallen murnar ƙwallon da Daniel Sturridge ya farke wa Ingila a wasa da Italiya, ya dira kan gorar ruwa, idon sawunsa ya goce tare da karaya. Aka ɗauke shi daga bakin fili, aka mayar da shi gida domin tiyata.

A 2017 ya shugabanci sashen lafiya na West Ham United na shekara guda. Daga baya shi da Colin suka buɗe asibitin kula da raunin wasanni a gabashin Landan, inda suke duba ƙwararrun 'yan wasa da kuma sauran jama'a masu motsa jiki.