Tsari daga sama zuwa ƙasa a ƙirar injuna: darasi daga famfon Volanta na Tawa

Gabatarwa

Hanyoyi biyu ne na tsara inji. A ta farko, ana zana kayan ɗaya bayan ɗaya sannan a harhaɗa su. A ta biyu, wadda ake kira tsari daga sama zuwa ƙasa, ana fara yanke aikin da injin zai yi da manyan ma'aunansa, a zana ƙwarangwal, sannan kowane sashe ya ɗauki awonsa daga gare shi. Wannan maƙala za ta nuna cewa nasarar hanya ta biyu tana rataye ne ga buƙatar da aka ɗora a sama.

Tarihin zane da kwamfuta

A 1963 Ivan Sutherland na cibiyar MIT a Amurka ya fito da Sketchpad, inda sauya zanen asali ke sauya duk kwafinsa. Kamfanin Dassault na Faransa ya soma CATIA a 1977, AutoCAD ya biyo baya a 1982. A ƙarshen shekarun 1980 Pro/ENGINEER ya yaɗa zane mai ɗaure ma'auni da juna: in an ƙara faɗin bututu, duk abin da ke shiga cikinsa sai ya bi. Da CATIA aka zana jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994.

Misalin Adar

A shekarun ruwan sha na Majalisar Ɗinkin Duniya (1981-1990) an lura cewa famfunan hannu da yawa a Afirka suna mutuwa don gyaransu sai an jira ma'aikata da mota daga birni. Bankin Duniya da PNUD suka ɗora ƙa'ida: famfo ya zama wanda za a iya gyarawa a ƙauye.

Famfon Volanta, wanda aka tsara a Holan, kuma ma'aikatar ACREMA ta ƙera a Tawa, ya bi wannan ƙa'ida. Tun da ana son a fito da silinda ba tare da an tumɓuke bututun rijiyar ba, dole bututun ya fi silindar faɗi. Sandunan ƙarfe kuwa aka yi su masu maƙalewa da juna, a cire su da hannu. Saboda zurfin ruwa, wanda kan kai kusan mita 80, aka sa babbar taya ta ƙarfe mai rage wa mai juyi wahala. Kowane awo ya gangaro ne daga buƙatar farko.

Kammalawa

Kwamfuta tana saurin isar da canji daga ƙwarangwal zuwa sassa, kuma da wannan saurin take isar da kuskure. Injin da aka tsara ba tare da la'akari da ƙura, da nisan kasuwar kayan gyara, da kayan aikin maƙerin ƙauye ba, zai tsaya, mata su koma ga guga. Don haka muna ba da shawara cewa ɗalibin makaranta irin EMIG da ke Yamai, kafin ya buɗe zane, ya je ƙauyukan Kalfu ya auna zurfin rijiya, ya tambayi wanda zai yi gyara irin sifanan da yake da su, ya rubuta amsoshin a matsayin ma'aunan farko na ƙwarangwal.