Hamtramck: Ƙaramin garin da masana'antar mota ta gina, baƙi suka raya

Garin Hamtramck yana jihar Michigan, a arewacin Amurka. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita biyar da rabi ba, kuma birnin Detroit ya kewaye shi kusan ta kowane ɓangare, in ban da ɗan wurin da ya haɗa iyaka da Highland Park. Duk da haka gari ne mai cin gashin kansa, da magajin gari da majalisa da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana nasa. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna yana da mutum 28,433, kuma babu garin da ya kai shi cunkoso a jihar. Sunansa ya fi yawo a jaridu tun watan Janairun 2022, lokacin da aka rantsar da magajin gari da majalisar da dukkansu Musulmi ne, abin da ba a taɓa gani a wani garin Amurka ba. Shekara 50 kafin nan, kusan mutum tara cikin goma na mazaunansa 'yan asalin ƙasar Poland ne, mabiya ɗariƙar Katolika.

An raɗa wa wurin sunan Jean François Hamtramck, soja haifaffen Quebec mai jin Faransanci, wanda ya karɓi sansanin Detroit daga hannun sojojin Ingila a 1796. An kafa gundumar a 1798. Fiye da shekara ɗari bayan haka karkara ce ta manoma, yawancinsu Jamusawa, kuma Detroit ta riƙa gutsurar ƙasarta kaɗan-kaɗan. A 1901 abin da ya rage ya samu matsayin ƙauye. Mazauna 3,559 aka ƙidaya a 1910.

A wannan shekarar ce wasu 'yan'uwa biyu, John da Horace Dodge, suka fara gina masana'anta a kudancin ƙauyen. Da farko kayan gyara da injuna suke ƙera wa kamfanin Ford, sannan a 1914 suka fito da mota mai ɗauke da sunansu. Masana'antar, wadda aka fi sani da Dodge Main, tana buƙatar dubban hannaye, kuma aikin layin haɗa mota ba ya neman takardar makaranta ko iya Turanci. Sai baƙi daga Poland suka yi ta kwarara, wasu daga tsofaffin unguwanninsu na Detroit, wasu kai tsaye daga Turai. Zuwa 1920 yawan jama'a ya kai 48,615, wato ya ninka fiye da sau goma sha uku cikin shekara goma. A 1922 ƙauyen ya zama cikakken gari, kuma babban dalilin hakan shi ne gudun kada Detroit ta haɗiye shi tare da harajin masana'antar. A 1930 aka ƙidaya mutum 56,268, adadin da bai sake kaiwa ba har yau.

Duk wanda ke son fahimtar Hamtramck ta yanzu sai ya dubi gidajen da aka gina a waɗancan shekaru, domin su ne har gobe suke tsaye. An yanka filaye ƙanana, aka jera gidajen katako kusa da juna, da yawansu hawa biyu: iyali ɗaya a ƙasa, wani a sama. Ma'aikaci yakan sayi gida ya zauna a ƙasa, ya ba da hayar sama ga ɗan'uwa ko ɗan garinsu da ya sauka, kuɗin hayar ya taimaka masa biyan bashin gidan. Ba a tsara garin don mai mota ba, duk da cewa mota ake ƙerawa a cikinsa. A ƙafa ake zuwa aiki, da coci, da shagon nama, da gidan burodi. Titin Joseph Campau ya zama cibiyar ciniki, kuma a zamanin da ya yi tashe mutane kan zo daga Detroit sayayya a can.

'Yan'uwan nan biyu sun rasu a shekara guda, 1920, kuma a 1928 kamfanin Chrysler ya sayi Dodge. Ma'aikatan Dodge Main na cikin waɗanda suka yi yajin aikin zaman dirshan a watan Maris na 1937, wanda ya sa Chrysler ya amince da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan mota. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban mutane ne ke aiki a wurin dare da rana.

Koma-bayan ya faro ne sannu a hankali bayan yaƙin. 'Ya'yan ma'aikatan, da suka samu albashi mai kauri da mota, sun fara ƙaura zuwa sababbin garuruwa na arewa irin su Warren, inda gida ke da fili da garejin mota. Hukumomin garin kuma suka shiga shirin rusa tsofaffin unguwanni da sunan sabuntawa, aka kuma ratsa babbar hanyar mota ta yammacin garin. Rusau ɗin ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata, waɗanda suka daɗe suna zaune a garin suna aiki a sassa mafi zafi da wahala na masana'antar. A 1968 wasunsu suka kai ƙara, kuma a 1971 Alƙali Damon Keith na kotun tarayya ya yanke hukuncin cewa da gangan garin ya kori baƙaƙen fata. Daga baya aka yi yarjejeniya cewa za a samar wa waɗanda aka zalunta da zuriyarsu gida 200. Garin ya yi ta jan ƙafa yana kukan rashin kuɗi, har Alƙali Keith ya rasu a 2019 ba a cika adadin ba, kuma da yawa daga masu ƙarar sun riga shi tafiya.

A watan Janairun 1980 Chrysler, da ke gab da durƙushewa, ya rufe Dodge Main, a 1981 aka rushe ta. Kamfanin General Motors ya ce zai gina sabuwar masana'anta a wurin, amma yana son fili mai faɗin gaske. Sai birnin Detroit ya yi amfani da ikon hukuma na karɓar ƙasa, ya tashi unguwar Poletown da ke maƙwabtaka, inda aka raba kimanin mutum 4,200 da gidajensu, aka rushe coci-coci da shaguna. Kotun Ƙolin Michigan ta halatta matakin a 1981. A 2004 kotun da kanta ta yi watsi da wannan hukunci a wata shari'ar, ta ce ba daidai ba ne a ƙwace ƙasar mutane a miƙa wa kamfani don kawai zai kawo haraji da aiki, sai dai a lokacin an riga an yi shekara 23 da share unguwar. Masana'antar ta fara aiki a 1985, na'urori suka ɗauki ayyuka da yawa, kuma guraben da aka samu ba su kai waɗanda aka yi alkawari ba.

Lokacin da Fafaroma John Paul na Biyu, ɗan ƙasar Poland, ya ziyarci garin a watan Satumban 1987, mutanen da ya zo gaisarwa sun riga sun fara watsewa. Ƙidayar 1990 ta samu mutum 18,372 kacal, kusan kashi ɗaya bisa uku na adadin 1930.

Abin da ya ceci Hamtramck daga zama kufai, kamar yadda wasu unguwannin Detroit da ke kewaye da ita suka zama, shi ne waɗancan ƙananan gidaje. Sun yi araha, ana iya zama iyali biyu a gida ɗaya, kuma mutum zai iya rayuwa ba tare da mota ba. 'Yan Yemen sun daɗe suna zuwa yankin Detroit aikin masana'anta, kuma yaƙe-yaƙen ƙasarsu sun ƙaro su. 'Yan Bosniya sun iso a shekarun 1990 suna gudun yaƙi. 'Yan Bangladesh da yawa sun taso ne daga birnin New York, inda haya ta fi ƙarfinsu, suka cika titin Conant da shagunan atamfa da kayan miya da gidajen abinci. A taƙaice sun bi sawun da mutanen Poland suka bari: a sayi gida, a sa ɗan'uwa a sama, a buɗe shago a bakin titi. Zuwa 2000 jama'a ta koma 22,976.

Sauyin bai zo ba tare da gardama ba. A 2004 masallacin Al-Islah ya nemi izinin kiran salla da lasifika. Majalisar garin ta gyara dokar hana hayaniya ta ba da dama daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, masu adawa suka tara sa hannu, aka kai maganar ga ƙuri'ar jama'a, kuma masu goyon baya suka yi rinjaye. Hujjar da ta fi tasiri ita ce, ƙararrawar coci ta shekara da shekaru tana kaɗawa a garin ba wanda ya hana. A zaɓen 2015 Musulmi suka samu rinjaye a majalisa. A 2021 Amer Ghalib, haifaffen Yemen, ya kayar da Karen Majewski, wadda ke kan kujerar tun 2006, kuma da haka aka kawo ƙarshen kusan shekara ɗari da 'yan asalin Poland suka yi suna riƙe da ita. A 2023 majalisar ta amince a yi yankan addini, irin na layya, a gida bisa sharuɗɗa, sannan ta hana ɗaga tutar masu neman jinsi da sauran tutocin ƙungiyoyi a kan kadarorin hukuma. Mataki na biyun ya ɓata tsakaninta da wasu mazauna da a baya suka tsaya wa Musulmi a rikicin kiran salla.

Matsalar da ba ta canza ba ita ce ta kuɗi. Garin yana karɓar harajin kashi 1 cikin ɗari daga kuɗin shigar mazauna, da rabin haka daga masu shigowa aiki, amma gidaje masu araha ba sa kawo harajin kirki, ga kuma fanshon tsofaffin ma'aikata da aka ɗauka lokacin da jama'a ke da yawa. Sau biyu gwamnatin jihar ta naɗa masa kantoman kuɗi, a 2000 da 2013. A 2010 ma garin ya nemi izinin bayyana cewa ya tsiyace, bayan saɓani da Detroit kan rabon harajin masana'antar General Motors, jihar ta ƙi. A ƙarshen 2018 kamfanin ya sanar da shirin dakatar da aiki a wurin, daga baya ya sauya shawara ya zuba dala biliyan 2.2, ya mai da ita masana'antar motoci masu amfani da lantarki, ya sa mata suna Factory Zero. An sake buɗe ta a watan Nuwamban 2021, watan da aka zaɓi Ghalib, kuma wani ɓangarenta na kan filin da Dodge Main ta tsaya.