Hannun da Ba Ya Barin Jirgi Yadda Ya Zo

Wanda ya shigo harkar ƙananan jiragen yaƙi masu rimot a 'yan shekarun nan, zai buɗe kwali ya tarar da Spitfire ko Mustang an riga an fente shi, tayoyinsa na naɗewa, batir kawai yake jira. Da wuya ya gane abin da ya sa tsofaffin hannu ba sa iya barin jirgi yadda kamfani ya ƙera shi. Wahala ce ta koya mana wannan ɗabi'a, domin an daɗe lantarki bai da ƙarfin ɗaga jirgin yaƙi.

Tun a 1957 Kanar Taplin ya tashi jirgin rimot da batir a Ingila. Fred Militky na kamfanin Graupner a Jamus, da 'yan'uwan nan biyu Bob da Roland Boucher na Astro Flight a Kalifoniya, suka ɗora daga nan. Sai dai abin da batir ke iya ɗauka a lokacin shi ne jirgi mai dogon fiffike, marar nauyi, mai shawagi a hankali. Jirgin yaƙi kuwa fiffikensa gajere ne, jikinsa da kauri, ba ya zama a sama sai da gudu. Shi ya sa ya daɗe a hannun masu injin mai.

Batir ne ya riƙe mu. Ƙwayar batirin NiCd ɗaya bolt 1.2 take bayarwa, sai ka jera bakwai ko takwas kafin injin Speed 400 ya yi wani abin kirki, kuma bayan 'yan mintoci wuta ta ƙare. Gyara a wancan zamani rage nauyi ne. A huda katakon balsa duk inda ba zai karye ba, a cire tayoyi gaba ɗaya, a jefa jirgi da hannu ya sauka a kan cikinsa cikin ciyawa. Wasu har cikin kofin ruwa suke kunna sabon injin don burushinsa ya zauna daidai.

Farkon shekarun 2000 kamfanin GWS na Taiwan ya fito da jiragen soso masu araha: Zero, Corsair, Spitfire, Mustang da Me-109. Kamanninsu ya yi, amma ɗan injin 350 mai giya da ke cikinsu da ƙyar yake juya su. A kan waɗannan jirage aka yi makarantar gyara ta gaske. Mutane suka dinga farke na'urar karanta faifan CD ta tsohuwar kwamfuta, su ciro ɗan injin da ke ciki, su warware wayarsa, su sake naɗa waya mai kauri a kan haƙoransa tara, su manna sababbin maganaɗisu goma sha biyu da gam. Aiki ne irin na mai naɗin koyil ɗin fanka a kasuwa, sai dai abin bai wuce faɗin kwabo ba. Kana ƙirga zagaye a zuci, yatsa na zafi, idan wayar ta ɗan kurje a bakin ƙarfe sai ka warware ka faro daga farko. Ka rage zagaye, injin ya ƙara gudu ya ƙara shan wuta. Ka ƙara zagaye, ya ja babbar farfela cikin natsuwa. Wanda ya taɓa yin wannan da hannunsa ba ya bukatar a yi masa bayanin lambar Kv, wato ma'aunin saurin juyin inji.

A daidai lokacin batirin LiPo ya iso, ƙwaya ɗaya bolt 3.7, ga shi sakayau. Ƙarfi ya samu, sababbin matsaloli suka biyo shi. Zero da Corsair hancinsu gajere ne, nauyin tsohon batir ne ke daidaita su. Da aka sa marar nauyi sai wutsiya ta rinjayi hanci, jirgi ya ƙi jin magana. Aka koma fafe soso don tura batir gaba. Fiffiken da aka ƙera don tafiyar hankali ya fara ninkewa a sama, aka koyi cusa masa sandar kabon. Cajin da ya haura bolt 4.2 a ƙwaya kuma ya ƙona garejin mutane. A 2005 Spektrum ya kawo rimot mai aiki a 2.4 GHz, aka huta da jiran layi a filin tashi don kada mutum biyu su haɗu a mita ɗaya.

Daga nan kamfanoni suka kwashe dabarunmu suka zuba cikin kwali. ParkZone, E-flite, FMS da Freewing suka zo da soso mai juriya, da injin marar burushi, da tayoyi masu naɗewa da lantarki, daga baya har da na'urar da ke gyara wa jirgi zama idan iska ta buge shi.

Abin da ke damuna yau shi ne an gaji son gyara ba a gaji awo ba. Mutum zai cire batir mai ƙwaya uku ya sa mai huɗu a kan farfela ɗaya, bai san cewa idan juyi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku wutar da farfela ke nema ta ninka fiye da sau biyu ba. Na'urar daidaita gudu ta ƙone a sama. Ya sa babbar na'ura, ya sa babban batir, nauyi ya hau, jirgi ya kasa saukowa a hankali, a kwanar ƙarshe fiffike ɗaya ya saki. Alhali gyaran da ke tsawaita ran jirgi ba ya tsada: fale-falen katako a ƙarƙashin mazaunin taya, ƙarfafa mahaɗin wutsiya, ɗan karkata ƙafafun Spitfire gaba don kada ya kife da hanci a ciyawa, da auna wuta kafin a sa wa Mustang farfela mai ganye huɗu irin tasa ta asali.

Doka ma ta shigo. Tun 2015 hukumar FAA ta Amurka ta wajabta rajista ga jirgin da ya haura giram 250, sai masu ƙira suka koma neman zama ƙasa da wannan iyaka. Wasu yanzu da na'urar buga abubuwa ta 3D suke fitar da jirgi ɗungurungum, da wata roba mai kumbura don ta yi sakayau. Robar ba ta son zafi: fiffike mai fenti mai duhu, idan aka bar shi cikin mota da rana, lanƙwashewa yake yi.