Daji da Dodo a Adabin Hausa

Tun kafin zuwan boko, Bahaushe a daji yake ajiye abin tsoronsa. A ƙauyukan Batsari da Safana da ke gefen Dajin Rugu, kamar sauran ƙasar Hausa, tsofaffin mata kan tara yara da dare su yi musu tatsuniya. Dodo kuwa ba ya zama cikin gari. Mazauninsa kurmi ne ko bakin rafi, inda yake dakon yarinyar da ta ƙi jin magana. Irin waɗannan tatsuniyoyi Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913.

Da Rupert East ya shirya gasar ƙaga labarai a 1933, marubutan ba su rabu da wannan gado ba. Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya kai Ganɗoki ƙasar aljannu, haka kuma Abubakar Imam ya yi wa mai neman Ruwan Bagaja. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauke abin al'ajabin daga doron ƙasa ya kai shi samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya, littafin da ya cancanci nazari fiye da wanda ya samu.

Bayan 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da Rugu mafaka. A 2019 gwamnatin Katsina ta yi sulhu da su, bai ɗore ba. Ƙauyuka da dama suka watse, matan da ke ba da tatsuniyar suka kwashi jikokinsu suka yi gudun hijira zuwa garin Batsari da birnin Katsina.