Tarihin Matsayin Ruwa a Ilmin Kimiyya: Daga Ginshiƙai Huɗu Zuwa Haɗin Iskoki Biyu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda masana suka ɗauki ruwa tun zamanin Yunanawa har zuwa ƙarni na 19. Dalilin zaɓen ruwa kuwa shi ne, a kansa ne aka fara rarrabewa sosai tsakanin gundarin sinadari, watau abin da hanyoyin kimiyyar sinadarai ba su iya farke shi zuwa wani abu daban, da kuma haɗaɗɗen sinadari. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk mai niyyar koyar da kimiyya da Hausa.

Ra'ayin mutanen da

A ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Thales na birnin Miletus ya yi da'awar cewa ruwa ne asalin kome. Bayansa Empedocles ya ce ginshiƙai huɗu ne: wuta da iska da ruwa da ƙasa. Aristo ya ƙarfafa wannan ra'ayi, ya ba kowane ginshiƙi ɗabi'a biyu daga cikin zafi da sanyi da danshi da bushewa. Ruwa shi ne mai sanyi da danshi, kuma in an sauya masa ɗabi'a ɗaya sai ya rikiɗa ya zama wani ginshiƙin. Malaman Musulunci sun gaji wannan bayani ta hanyar fassara, har littattafan da ake jingina wa Jabir ibn Hayyan suka ƙara da cewa ƙarafa suna samuwa ne daga haɗuwar ƙibiritu da zaiba. Ta littattafan Larabci ne maganar ɗabi'o'i huɗu ta iso ga malaman ɗibbu da hisabi na ƙasar Hausa.

Shi dai wannan ra'ayi ya daɗe ne domin ido yana gaskata shi. Alal misali, van Helmont ya dasa itace a tukunya, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Itacen ya ƙaru da laba 164, ƙasar tukunyar kuwa ba ta ragu ba sai da kimanin oza 2. Sai ya yanke hukunci cewa ruwa ne ya zama itace. An buga wannan bayani a 1648, lokacin ba a san rabon da tsiro ke samu daga iska ba.

Shigowar ma'auni

Antoine Lavoisier na Faransa shi ne ya sa sikeli ya zama alƙali. Masana sun lura cewa in an daɗe ana tafasa ruwa a tulun gilashi, wani gari yakan kwanta a ƙasa, suka ce ruwa ne ya koma ƙasa. Daga ƙarshen 1768 zuwa farkon 1769 Lavoisier ya dafa ruwa kwana 101 a rufaffen tulu. Da ya auna sai ya tarar nauyin ruwan bai ragu ba, tulun ne ya ragu. Ashe garin daga jikin gilashin ya fito.

A Ingila kuma, a 1781, Henry Cavendish ya ƙona wata iska mai kama wuta a cikin iskar da muke shaƙa, ya ga raɓa ta kwanta a jikin kwalba, ya kuma tabbatar ruwa ne tsantsa. Amma ya fassara abin bisa tsohon ra'ayi. A watan Yuni na 1783 Lavoisier ya maimaita gwajin a Paris, ya bayyana cewa ruwa haɗin iskoki biyu ne. A 1785 ya kawo hujja ta ɗaya fuskar: ya bi da tururi ta cikin bakin bindiga da aka gasa ya yi ja, ƙarfen ya kama iskar oksijin, iskar haidirojin ta fita. Ma'anar sunan haidirojin a Yunananci ita ce mai haifar da ruwa. Littafinsa na 1789 ya jera gundarin sinadarai 33, babu ruwa a ciki. Sai dai jerin bai rasa kurakurai ba, domin ya sa haske da zafi a cikinsa.

A 1800 Nicholson da Carlisle suka farke ruwa da lantarki. Da wannan dabara ce Humphry Davy ya fitar da sodiyam a 1807, daga baya aka tabbatar gishirin miya ma haɗi ne na sodiyam da kulorin.

Ƙididdigar ƙwayoyin zarra

Sauran aiki shi ne sanin adadi. John Dalton, wanda ya buga ra'ayinsa na ƙwayar zarra a 1808, ya zaci ƙwaya ɗaya ta haidirojin ce ke haɗuwa da ɗaya ta oksijin. Alhali tun 1805 Gay-Lussac da Humboldt sun auna cewa mudu biyu na haidirojin ke cin mudu ɗaya na oksijin. Avogadro ya warware matsalar a 1811, amma ba a saurare shi ba sai bayan taron Karlsruhe na 1860, inda Cannizzaro ya farfaɗo da hujjarsa. Daga nan aka tsaya a kan ƙwaya biyu ta haidirojin da ɗaya ta oksijin. Ta fuskar nauyi kuwa, oksijin kashi 8 ne, haidirojin kashi 1.

Kammalawa

Bayanin da ya gabata ya nuna cewa sai da aka shafe fiye da shekara 2,000 kafin a raba ruwa da matsayin ginshiƙi, kuma awo ne ya yi wannan aiki. A Hausa kalmar sinadari, wadda asali maƙera ke faɗa wa abin da suke liƙe ƙarfe da shi, ita ake amfani da ita ga oksijin da gishiri da ruwa baki ɗaya. Muddin aka bar ta haka, ɗalibi zai koma cikin ruɗanin da Lavoisier ya fitar da masana daga ciki. Saboda haka ana ba mahalarta wannan taro shawara su tsayar da suna ɗaya ga gundarin sinadarai, waɗanda aka san guda 118, da wani daban ga haɗaɗɗu, kuma marubuta littattafan makaranta su bi su ba tare da saɓani ba.